Alkakin Garar Yayata

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Ban san nauyin wannan magana ba sai a hutun da aka sa ranar auren yayata a garinmu Arikya, cikin ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa.

Ya mai karatu, ni Hausa ba harshen gidanmu ba ne, a kasuwa da makaranta na tsince ta. Mijin da yayata za ta aura kuwa Bahaushe ne mazaunin Lafiya, kuma a al'adarsu dangin amarya kan kai gara: shinkafa da mai, da su nakiya da dubulan da alkaki. Hankalin Mama ya tashi, domin tana gudun kada a raina 'yarta a gidan miji. Sai ta dube ni ta ce, "Ba Hausa kike karanta a jami'a ba? To, alkaki na wuyanki."

Gaskiya na taɓa rubuta shafi biyu a kan gara a jarrabawar al'ada, har na ci maki mai kyau, amma ko sau ɗaya hannuna bai taɓa kwaɓin alkaki ba. Kunya ta hana ni faɗa. Da yamma na lallaɓa gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na durƙusa na ce, "Inna, ku rufa mini asiri." Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ashe boko bai iya suya ba?"

Ita ta nuna mini yadda ake ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwan tsamiya, a rufe ta kwana. Washegari a sa ɗan ruwan kanwa, a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, a mulmula siriri, a naɗe a yatsu. Bayan suya sai a tsoma cikin dafaffen sukari ko zuma. Kaskon farko na ƙara itace don in gama da wuri, sai waje ya yi ja, ciki kuwa ɗanye. Inna ta gutsura ɗaya ta miƙo mini, ta ce, "Sauri ya haifi nawa. Da wannan za ki aika gidan surukai?" Ranar har na yi ƙwalla, don alkamar ba araha gare ta ba, kuma kuɗin riɗin da Baba ya sayar ne. Muka sassauta wuta, muka sake, sai bayan isha'i muka cika fanteka biyu.

Daga baya na ga a intanet cewa mutanen Tamil na kudancin Indiya suna da irin nasu, wai shi murukku, ma'anarsa murɗaɗɗe. Da garin shinkafa da na wani baƙin wake suke yin sa, su zuba riɗi, su soya don bikinsu na Dipawali. Nasu na gishiri ne, namu na zaƙi, amma duka biyun abin fita kunya ne ranar taro.

Da aka kai gara, wata gwaggon ango ta ɗanɗana ta tambaya, "Daga Kano kuka yi odar wannan?" Mama ta ce a'a, aikin 'yarta ne. Ban taɓa jin daɗin wani maki kamar wannan ba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan an yi hutu mu riƙa zama kusa da tsofaffinmu da littafi da kuma hannu. Allah ya saka wa Inna da alheri, amin.