Kirsimetin Turawan Ingila a Ikoyi, yadda na gani da idona

'Yan uwa, musamman waɗanda hutun Disamba ya riska a hostal kamar ni. Kuɗin mota daga Legas zuwa gida da dawowa ya fi ƙarfin aljihuna, hutun kuma bai taka kara ya karya ba, sai na zauna. Rubutun zai ɗan yi tsawo, mai ƙarancin data ya yi haƙuri.

Wasunku sun san ina ɗan koyar da Hausa a Ikoyi sau biyu a sati. Wani dattijo ɗan garinmu ne maigadi a wani rukunin gidaje a can, shi ya haɗa ni da wani Baturen Ingila da aikinsa ke yawan kai shi Kano da Kaduna, yana so ya iya gaisuwa da ciniki. Daga Akoka sai in bi ta Yaba in hau danfo zuwa Obalende, sauran tafiyar in ƙarasa da ƙafa. Da wannan ɗan abin nake sayen handawut da abinci.

Abin da na fara lura da shi tun farkon Disamba shi ne gidajen sun fara zama kango. Mafi yawan Turawan sun kwashe iyalansu sun tafi gida, daidai lokacin da 'yan Najeriyan da ke Landan ke tururuwar dawowa shan shagalin ƙarshen shekara. Jirgi ya kai waɗancan, ya kwaso waɗannan. Waɗanda suka rage kuwa, ko aiki ya riƙe su ko tsadar tikiti, da bakinsu suke kiran kansu marayun Kirsimeti. Da na ji wannan sunan sai da na yi dariya, don ai mu ma marayun Sallah ne a kudu, suna ne kawai ba mu raɗa wa kanmu ba.

Rayuwarsu ta yau da kullum ba irin ta fim ba ce. Hirarsu ba ta wuce janareto da tsadar man dizal da gosulon Falomo da mai gyaran famfon da ya ce yana hanya tun shekaranjiya. Sai zancen yanayi, wanda Baturen Ingila ba ya gajiya da shi. In ka ce masa ina kwana, sai ya ce maka yau da zafi. To a Legas yaushe ne babu zafi? Ɗan hazon hunturun da ke saukowa nan, wanda mu ko rigar sanyi ba ma nema saboda shi, su abin labari ne a wurinsu. Matarsa ta ce min a Landan a wannan watan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, kuma wai abin da ta gudo wa ke nan. Bayan minti biyar sai ga ta tana cewa Kirsimeti ba ya yin Kirsimeti in ba duhu da sanyi. Ɗan Adam ke nan.

Kicin ɗinsu ne ya fi ba ni mamaki. Akwai wata durowa da ba a taɓawa sai da izini, cike da kayan da aka ɗauko a akwati daga Ingila: ganyen shayi, biskit, cakulan, da wani baƙin abu mai gishiri a kwalba da ake shafawa a burodi, Marmite. Na ɗanɗana sau ɗaya, na gode Allah da ya ba mu daddawa. Amma ina kallon durowar nan ina tuna jakar da Inna ke cika min da kuka da yaji da kuɓewa busasshiya da ƙuli-ƙuli duk ƙarshen hutu. Duk wanda zai zo daga Ingila sai an aika masa jerin saƙo, kamar yadda muke damun duk wanda zai taho daga Kano da a riƙo mana kilishi.

Shirin bikin kuwa tun watan Nuwamba aka fara shi. Bishiyar roba ce aka ciro daga kwali, aka rataya mata fitilu, aka zuba auduga a gindinta wai dusar ƙanƙara. Katunan gaisuwa da aka aiko musu duk hoton ƙanƙara ne da wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, an jera su a kan kanta, ga bishiyar kwakwa tana leƙowa ta taga. Talotalo sai da aka yi odarsa daga gona tun da wuri, saboda daskararren naman kaji da talotalo yana cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su. Sannan suka buɗe zaure a WhatsApp, gida biyar ko shida, aka raba aiki: wane dankali, wane abin sha, wane kujeru, wane zai ɗauko wani saurayi da bai daɗe da zuwa ƙasar ba kuma bai san kowa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ranar 25 ga wata an gayyace ni cin abincin rana, na kuma je. Na san akwai waɗanda za su yi magana a ƙasan wannan rubutun, don haka bari in faɗa tun yanzu: ba coci na je ba, ba a yi wata ibada a gabana ba, kuma da Azahar ta yi na fita ɗakin Baba maigadi muka yi jam'i. Matar gidan da kanta ta zaga da ni teburin tana nuna min abin da ke da naman alade da abin da ke da barasa, ta ware min faranti daban. Talotalon ma Baba ne ya yanka, wai tun bara haka suke yi don ma'aikatan gidan su samu ci. Wanda yake ganin duk da haka bai dace ba, ra'ayinsa ne, malamai suna nan a tambaye su.

Yanzu ku ji abin dariya. Zafin waje ya haura digiri 30, amma aka ƙure na'urar sanyaya ɗaki har sai da haƙorana suka fara haɗuwa, don kawai su samu damar sa rigunan sanyi masu hoton barewa da tsohon nan mai farin gemu. Manyan mutane fa, masu furfura. Kowa an ajiye masa wani abu kamar ƙatuwar alawa da aka naɗe da takarda mai ƙyalli, mutum biyu su ja, ya fashe da ƙara tas, sai ga hular sarauta ta takarda da ɗan abin wasa da wata tatsuniyar ban dariya mara daɗi da dole a karanta a fili. Wani mai sayar da alawa a Landan, Tom Smith, shi ya ƙirƙiro abin tun wajen shekarun 1840, har yau ba su bari ba. Haka na zauna da hular takarda a kan hulata ina cin gasasshen dankali da wani ƙaramin kabeji mai ɗaci wanda kowa ke zagi amma kowa ke ɗiba. Daga ƙarshe aka kashe fitila aka shigo da wani baƙin kek da aka turara tun makonni, aka zuba masa barasa aka cinna wuta, suna ta tafi. Wannan kam kallo kawai na yi.

Ƙarfe huɗu daidai kowa ya yi tsit, aka kunna jawabin Sarki Charles. A can ƙarfe uku ake sa shi, mu muna gabansu da awa ɗaya a wannan lokacin na shekara. Al'ada ce da Sarki George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932. Jawabin bai wuce minti goma ba. Wani daga cikinsu ya raɗa min cewa shi bai yarda da sarauta ba sam, amma bai taɓa fashin kallo ba, don mahaifiyarsa tana kallo a daidai wannan lokacin.

Bayan nan ne gidan ya canza. Kowa ya ja wayarsa ya nemi lungu. Ɗalibin nawa ya kira mahaifiyarsa da ke gidan kula da tsofaffi, intanet tana yankewa, yana ɗaga murya yana maimaita sunansa don ta gane shi. Da ya gama sai ya fita baranda ya daɗe shi kaɗai, hular takardar tana kansa. Ban bi shi ba. Na san wannan tsayuwar, na yi irinta a bayan hostal ranar Babbar Sallah bayan na gama waya da gida ina jin hayaniyar ƙannena a wajen fiɗa.

Amma kada tausayi ya rufe mana ido. Ikoyi a zamanin mulkin mallaka unguwar da aka keɓe wa Turawa ce, kulob ɗinsu na nan har yau da shekarar 1938 a jikin sunansa. Wanda ya baro Ingila ya zo Legas neman abinci, ana kiransa ƙwararre daga waje, a ba shi gida da mota da direba da tikitin zuwa gida. Wanda ya baro Katsina ko Maraɗi ya zo Legas ɗin nan neman abinci, sunansa aboki, ko a kama babur ɗinsa ko a tashi rumfarsa. Dukkansu 'yan ci-rani ne. Baba maigadi ya ce min rabonsa da Sallah a gida shekara huɗu, don ranar biki ce ranar da aka fi buƙatar mai buɗe ƙofa. Ranar nan ma yana bakin get tun asuba har baƙi suka watse. An kai masa abinci, ba laifi, washegari kuma aka ba shi ambulan. Ita washegarin, 26 ga wata, da suke kira Boxing Day, sunan ya samo asali ne daga akwatin kyautar da masu gida ke ba barori da masu yi musu hidima. Na ce, "Baba, ka ga ranarku ce yau." Ya ce, "Yaro, in ranarmu ce ai da an bar mu mun kwanta." Su kuwa suka hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay da ragowar talotalo a cikin burodi, suka dawo jajaye kamar tattasai, suka zauna kallon Firimiya.

To ga abin da na ce ku riƙe. Mutanen nan ba su fi mu son juna ba, wasunsu ma ba sa shiri, na ji gulmar da ake yi a kicin. Abin da suka yi shi ne ba su yarda ranar ta zo ta same su kowa a ɗakinsa ba. Mu kuwa fa? Sallar da ta wuce hutun kwana biyu aka bayar, ba mai iya zuwa Sakkwato ko Maiduguri ya dawo. Muka sauko daga Idi, aka yi hotuna da sabuwar shadda, kowa ya koma ɗaki ya dafa indomi. Masu hali suka tafi Agege ko Idi-Araba wajen 'yan uwa. 'Yan aji ɗaya da ba su san hanya ba suka wuni a kan gado, akwai wadda aka ce min kuka ta wuni yi. Alhali muna da yawan da za mu iya haɗa kuɗin buhun shinkafa ƙarami da mai, a samu masu iya waina su yi, a sayo nama a Agege, a shimfiɗa tabarmi.

Ni dai na ɗauki nauyin zoɓo da kunun aya, kuma Baba ya ce in muka sa rana zai nemi wanda zai riƙe masa ƙofa na awa biyu ya zo ya yi mana gashi. Mai tukunya babba ko risho ya yi magana a ƙasa, haka wanda ya san 'yan aji ɗaya na sashensu ya turo min adadinsu ta inbos, don mu san mudu nawa za a auna.