Narambaɗa da Wardi a Rikoda Ɗaya

A gidanmu na Mai Wurno kaset biyu ne ba a ba da aronsu: "Bakandamiya" ta Narambaɗa da "Al-Wud" ta Muhammad Wardi. Dukansu dogaye ne, ba a jin su a tsaitsaye.

Wardi gini yake yi. Makaɗansa za su daɗe suna share fage kafin ya buɗe baki, launin waƙar ya sauya, ya sake sauyawa, har ka manta inda aka faro. Narambaɗa ba shi da tarin kayan nan; kotso ne kawai da 'yan amshi. Amma sai ya ɗauki ɗan waƙa ya yi nisa da kai, ka ce ya ɓace, sai ga gindin waƙa ya dawo da ku gida.

Ni dai Narambaɗa na fi so. Wardi ya rasu a 2012, Sudan kakaf na riƙe da shi. Makaɗin Sarkin Gobir na Isa kuwa, 'ya'yana kan gyaɗa kai ga kotsonsa, amma Hausarsa ta yi musu zurfi. Rannan autata ta ce, "Baba, mayar min da ita Larabci." Baiti biyu na iya, na kashe rikodar.