Shakespeare: sunan da ya fi zuriyarsa tsawon rai

Mu da muka yi lakkol, mun ji sunan Shakespeare a bakin malaman Ingilishi, muna kiransa Shekspiya, ba tare da mun tambayi ma'anarsa ba. To, kalmomi biyu ne aka haɗa: shake, wato girgiza, da spear, wato mashi. Ke nan "mai girgiza mashi", laƙabi irin wanda ake yi wa mayaƙi.

A Ingila, sai bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066 aka fara gadon sunan iyali, kuma kafin 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Wasu daga sana'a, wasu daga gari, wasu daga laƙabi. Akwai ɗan'uwan wannan suna, Breakspear, "mai karya mashi", sunan Adrian na 4, Baturen Ingila tilo da ya zama Fafaroma, a 1154.

An haifi William Shakespeare a Stratford a 1564. Babansa John maɗinkin safar hannu ta fata ne, kuma da aka ba gidansu tambari a 1596, mashi aka zana a kai. Amma a wannan shekara ɗansa namiji guda, Hamnet, ya rasu yana da shekara 11. Ƴaƴa matan biyu sun ɗauki sunan mazajensu, jikarsa Elizabeth kuma ta rasu a 1670 ba ta haihu ba. Nan zuriyarsa ta ƙare. Masu amsa sunan yau ba jikokinsa ba ne, kuma ba su da yawa.

Yaya aka san duk wannan? Takarda. Rajistar coci, wasiyya, takardun kotu. Sa hannunsa shida ne suka rage, rubutun sunan ma bai zo iri ɗaya a cikinsu ba. A zamaninsa wannan ba laifi ba ne.

A namu zamanin kuwa, harafi guda na iya tsai da yaro. Mahamadou a takardar haihuwa, Mamadou a rajistar lakkol, ranar jarrabawa sai a shiga zirga-zirga. Don Allah iyaye, mu yanko wa jarirai takarda da wuri, mu duba rubutun sunan kafin mu baro ofis. Mu kuma tambayi tsofaffi sunayen kakanni, mu rubuta, tun suna raye.