Akwatin Da Ake Shayarwa Kafin A Ba Shi Ajiya

Ajiya iri biyu ce. Akwai ajiyar abin da ba ya canzawa, kamar zinariya ko takardar gona, wanda kwaɗo da makulli sun ishe shi tsaro. Akwai kuma ajiyar abin da yake ci gaba da numfashi bayan an raba shi da tushensa, kamar goro da albasa da ganyen taba. Ɓarawon wannan iri na biyu iska ce, ita kuwa iska babu ƙofar da take hana ta shiga. A wannan ɗan rubutu muna so mu yi magana a kan ajiya ta biyu, ta hanyar wani abu da ba a ƙasarmu ya samo asali ba, wato tabar naɗi ta ƙasar Kuba da akwatin da ake adana ta a ciki.

Tabar naɗi ita ce doguwar tabar nan mai kauri da ake gani a bakin Winston Churchill ko Fidel Castro a tsofaffin hotuna. Ta bambanta da sigari domin babu takarda a jikinta, ganye ne zalla tun daga ciki har waje, shi ya sa ma masu magana da Sifaniyanci suke kiranta puro, wato zalla. Kashi uku gare ta: akwai ganyen ciko, da ganyen ɗauri wanda yake riƙe cikon, sannan ganyen riga wanda ido yake gani. A tsibirin Kuba ne mutanen Kolumbus suka fara ganin ana zuƙar hayaƙin naɗaɗɗen ganye a shekarar 1492, kuma har yau yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río shi ne ya fi suna wajen noman wannan taba. Bayan juyin juya halin 1959, masu sana'ar da yawa sun yi ƙaura da iliminsu zuwa Jamhuriyar Dominika da Nikaraguwa da Honduras. Mu ma nahiyarmu tana da hannu a ciki, domin ganyen riga da ake nomawa a gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya yana cikin waɗanda ake ji da su a duniya.

Kafin kara ɗaya ya iso hannun mai saye, ya sha hannu ba kaɗan ba. Ana tsinkar ganyen ne ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasan tsiro zuwa samansa. A rataye shi a rumfa kimanin kwana 50 har ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa, a tara shi tsibi-tsibi ya yi gumi ya rage kaifi, a ɗaure shi cikin dami ya yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye, sannan wani gwani ya zauna ya naɗe shi da hannu. Duk wannan wahala ta shekaru, mako biyu ko uku cikin busasshiyar iska sun isa su lalata ta. Ganyen riga zai tsattsage, maiƙon da ke ba ta ƙamshi ya tafi, ta riƙa ci da sauri tana ɗaci. Idan kuma danshi ya yi mata yawa, sai ta kumbura, ta ƙi zuƙuwa, ta ƙi kama wuta, daga baya funfuna ta rufe ta.

Saboda haka ne aka ƙera mata akwati na musamman, wanda za mu kira akwatin danshi. Ana danganta yaɗuwar ƙaramin irinsa na kan tebur ga Zino Davidoff, ɗan kasuwar taba na birnin Janiba, wanda ya rasu a 1994. Aikin akwatin shi ne ya riƙe danshin iskar cikinsa tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma kada ya wuce digiri 21 a ma'aunin Salshiyos. Ana shimfiɗe cikinsa da katakon wata bishiya ta yankin Amurka mai zafi, wadda masana tsirrai suke kira Cedrela odorata. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa dangi ɗaya take da maɗacinmu da darbejiya. An zaɓi wannan katako ne domin yana shan danshi idan ya yi yawa, ya sake shi idan ya yi ƙaranci, ga kuma ƙamshi mai dacewa da taba.

Mun fara ganin irin wannan akwati ne a gidan wani abokin aikinmu, haifaffen zangon Kumasi, wanda yana cikin yaran Gana da aka tura karatu Kuba a shekarun 1980. An aiko masa da sabon akwati da ƙunshin taba a matsayin tsaraba. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, da muka ziyarce shi sai muka tarar da akwatin a rufe babu komai ciki sai ɗan kwanon ruwa, tabar kuma tana gefe cikin leda mai zif. Bayan mako guda muka koma, abin yana nan yadda muka bar shi. Muka ce, "Malam, an ba ka gida, an ba ka baƙo, me ya hana ka saukar da shi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai gidan ne yake jin ƙishirwa. In na sa baƙon yanzu, shi zai fara sha." Nan muka tuna cewa sabuwar randa ma sai ta sha ta ƙoshi kafin ta riƙe wa mutanen gida ruwa, kuma Hausawa sun daɗe da cewa ba a ba kura ajiyar nama.

Ga yadda ake shirya sabon akwati, kamar yadda muka gani kuma muka bincika daga baya. Da farko a duba murfinsa. A maƙala tsinken takarda a bakinsa a rufe, sannan a ja. Idan takardar ta zare ba tare da turjiya ba, to akwatin yana yoyon iska. Na biyu, a gwada ma'aunin danshin da za a dogara da shi, domin da yawa cikinsu suna zuwa da kuskure daga masana'anta. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: a cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga masa ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a sa shi tare da ma'aunin cikin leda ko roba mai rufuwa ruf, a bari ya kwana. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin iska a kashi 75 cikin ɗari. Idan ma'aunin ya nuna 72, an san ke nan yana rage uku, sai a riƙa ƙara masa a lissafi.

Na uku shi ne shayarwar kanta. Ana amfani da tataccen ruwa, irin wanda aka tafasa aka tara tururinsa, domin ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da gishiri-gishiri da ƙwayoyin funfuna. A zuba shi a ƙaramin kwano, a ajiye cikin akwatin, a rufe, a ƙyale shi. Wasu sukan shafe katakon da jiƙaƙƙen soso don su rage kwanaki, amma ruwan da ya shiga katako farat ɗaya yana iya sa shi ya kumbura ko ya karkace, kuma sauri ya haifi nawa. A yanzu akwai ƙananan fakiti na kamfanin Boveda masu lamba 84, waɗanda ake sawa a rufe har kwana 14. Ko da wace hanya aka bi, bayan kwanakin sai a cire ruwan, a sa abin da zai riƙa ba da danshi na yau da kullum, a jira kwana ɗaya ko biyu har ma'auni ya sauko ya tsaya kusa da 70. Sai a wannan lokaci ne ake jera taba, a bar mata sarari iska ta zagaya, a kuma riƙa juya na ƙasa zuwa sama lokaci-lokaci.

Mu da muke zaune a nan Kudu muna zuwa gida hutu, mun san maƙiyan wannan akwati guda biyu a jikinmu. Mun san yadda ƙofar ɗaki take kumbura da damina a nan, littafi ya yi warin gumi, takalmin da aka manta ƙarƙashin gado ya yi fari da funfuna, domin danshin iska yakan haura kashi 80. Mun kuma san hunturun gida, inda yakan sauka ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, kaushi ya buɗe. Akwatin da ke Legas aikinsa ya hana danshi shiga, wanda ke Kano cikin watan Janairu aikinsa ya hana shi fita. Sai dai zafi ya fi duka wuyar magani, domin katako ba ya sanyaya iska. Akwai wani ɗan ƙwaro da ke yin ƙwai a ganyen taba, kuma idan zafi ya wuce digiri 23 tare da danshi mai yawa, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda taba ta bar ƙananan ramuka da gari. Maganinsa shi ne a ƙulle tabar cikin leda, ta kwana ɗaya a firji, ta yi kwana uku a wajen ƙanƙara, ta sake kwana a firji kafin a mayar da ita. Amma firji ba wurin ajiya na dindindin ba ne, saboda iskarsa busasshiya ce. 'Yan goro na Shagamu da Sabon Ibadan ba za su ji wannan bayani baƙo ba, tun da su ma haka suke buɗe huhu suna sake ganye, suna tsince mai sankara, har goro ya kai daushe.

Wajibi ne mu faɗi wata gaskiya a nan. Kyawun ajiya ba ya rage wa hayaƙi illa. Tabar naɗi tana jawo cutar daji ta baki da maƙogwaro da huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara. Castro kansa ya daina sha a 1985. Ba mu rubuta wannan don mu kwaɗaita wa kowa ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne tsarin da masu wannan sana'a suka yarda da shi ba tare da gardama ba: ana fara biya wa mazubi buƙatarsa kafin a ɗora masa amana, ana fara gwada ma'auni kafin a gaskata shaidarsa, kuma ana ci gaba da leƙawa bayan an rufe. Mu kuwa a makarantunmu da ofisoshinmu sau nawa muke damƙa aji ga malamin da bai ga albashi ba wata uku, ko mu miƙa makullin baitulmali ga wanda ba mu taɓa aunawa ba, sannan mu dawo muna salati idan ajiya ta bushe? Manomin Pinar del Río ya yi nasa, mai naɗi ya yi nasa, abin da ya rage wa mai akwati shi ne haƙurin kwana 14. Da wuya a sami amanar da ake tsarewa da abin da bai kai haka ba.