Sassarfar Asuba a Gindin Badala

A unguwa irin tamu ta Gwale, magidanci ba ya gudu sai da dalili. Duk wanda aka gani da furfura a gemu yana sassarfa, tambayar farko ita ce, "Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?" To, Hausawa sun ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Namu sa-gudun hawan jini ne. Likita ya ce mana ko dai mu rage gishiri mu riƙa motsa jiki, ko kuwa wani ya ƙarasa mana renon 'ya'ya uku da babbansu bai wuce shekara 7 ba.

Ita hanyar ba ta da wuya. Ana sallame sallar Asuba sai mu miƙi titin BUK, mu wuce Ƙofar Dukawuya da ta Gadon Ƙaya, har Ƙofar Na'isa wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina ta. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu tana gefe, gine-gine da masu ɗiban ƙasa sun cinye ta, abin dai ba daɗin gani.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Minti 40 kacal ne namu. Kafin ƙarfe 7 ga tare mai garuwa, ga sayo koko da ƙosai, ga neman takalmin da kullum ƙafa ɗaya ke ɓata, alhali mu ma ana jiranmu a asambile. Daren da ƙaramar ta kwana kukan haƙori kuwa, ba a ma tayar da maganar gudu. Uwargida ce ta yanke hukunci: kwana uku a mako namu ne, sauran kuma mu ne masu wankan yara. Mun karɓa, domin kuwa ita ko minti 40 ɗin ba ta samu.

'Yan'uwa marubuta za su gane wannan ciniki, don lokacin nan shi ne kuma na alƙalami. Yanzu a guje muke tsara jimla, mu riƙe ta a ka har a tashi tara mu rubuta a bayan littafin darasi. Da azumi mukan mayar da gudun bayan Asham. Ranar Asabar kuma babban yakan bi mu zuwa filin Mahaha, a dawo da shi a kafaɗa.