Wanda ya ga raunin da idonsa

A yankinmu na Janbako, tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara, ba kasafai muke jin muryar ƙungiyar likitoci ba sai ranar yajin aiki. Rediyo ya ce sun ajiye aiki kan albashi, mu kuma mu shiga lissafin abin da za a sayar a kai mara lafiya asibitin kuɗi. Ba mu ga laifin mai neman haƙƙinsa ba. Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: bayan albashi, me ya kamata ƙungiyar likitoci ta buɗe baki a kansa?

Mu dai mun san cewa likita ne shaidar farko. Kafin ɗan jarida ya iso, kafin a fitar da sanarwa daga Gusau, shi ne ya ciro harsashin, shi ya auna yaron da tamowa ta kama saboda iyayensa ba su shiga gona ba bana. Iyayenmu suna ba mu labarin Bakolori a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙauyuka suka ce ɗaruruwa. Har yau lissafin bai daidaita ba. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san abu ɗaya: abin da ba a shigar a rajista ba, a wajen hukuma bai faru ba. Ƙirga gawa ma siyasa ce.

Masu cewa likita ya tsaya kan allurarsa su dubi Afirka ta Kudu. A 1977 Steve Biko ya mutu a hannun 'yan sandan mulkin wariyar launin fata, bayan likitoci sun duba shi da rauni a kai, suka bari aka jefa shi bayan mota zuwa Pretoria, tafiyar sama da kilomita dubu. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta kare su. Sai a 1985 aka hukunta biyu daga ciki. Ita ma Ƙungiyar Likitocin Amurka sai a 2008 ta nemi afuwar baƙaƙen likitocin da aka daɗe ana rufe wa ƙofa, a 2020 kuma ta ayyana wariyar launin fata a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Shirun da suka yi a baya bai zama tsaka-tsaki ba, mai ƙarfi ya amfana da shi.

A gida ma an taɓa yin magana, an kuma sha wuya. A 1985 likitocin Najeriya sun yi yajin aiki, cikin kokensu har da rashin magani da kayan aiki a asibitoci. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta haramta ƙungiyar NMA, aka tsare Dakta Beko Ransome-Kuti. A nan Zamfara kuwa, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, likitocin MSF ne suka ɗaga murya. Bagega ba ta ga aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013, bayan an matsa wa Abuja ta saki kuɗi. Magani yana hannun likita, amma kuɗin yana hannun ɗan siyasa.

Namu ciwon na yau bai yi kama da na Amurka ba, amma dangi ne. Tun da rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya raba Bahaushe da Bafulatani, akwai matar da za ta gwammace ta haihu a ruga da ta bi hanyar gari, don tsoron abin da za a yi wa mijin da ya rako ta. Akwai kuma ƙauyen da asibitinsa ke rufe saboda ma'aikacin ya gudu da ransa. Duk biyun marasa lafiya ne, kuma duk biyun namu ne.

Mun san tsadar magana a nan. Ma'aikacin lafiya ɗaya da ya faɗi abin da ya gani, gobe yana iya kwana a daji. Shi ya sa ake da ƙungiya: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A watan Agustan 2024 likitocin NARD sun yi yajin gargaɗi a faɗin ƙasa saboda abokiyar aikinsu da aka sace a Kaduna. Sun kyauta. Irin wannan muryar muke so mu ji idan wanda aka ɗauke manomi ne.

Ba mu ce su shiga jam'iyya ba. Ranar da ƙungiyar likitoci ta ɗauki tutar wani ɗan takara, rabin gari zai daina yarda da allurarta. Abin da muke nema uku ne: su faɗi adadin da suka gani ko bai yi wa gwamna daɗi ba, su tsaya kan cewa ƙofar asibiti ba ta tambayar ƙabila, su kuma kare ƙaramin ma'aikacin ƙauye da ya yi magana. Wannan bai fita daga aikin likita ba.