Idon macijin gardi

Maciji ba shi da fatar ido. Ba ya ƙiftawa, ba ya runtsawa, ko barci yake idonsa a buɗe. Abin da Allah ya ba shi maimakon haka shi ne wani ɓawo garau da ya lulluɓe ƙwayar idon, manne da sauran fatar jiki, kuma duk sanda zai yi saɓa har da shi yake tuɓewa. Yawancin ciwon idon da ke kama macijin da aka tsare a gida daga wannan ɓawo yake tasowa, in ba haka ba daga baki.

A zauren kawuna na fara ganin haka, a Mai Wurno, kudu da Sinnar, garin da ya samo suna daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wato Mai Wurno, wanda ya jagoranci jama'a zuwa nan bayan yaƙin Burmi na 1903. Kawu manomi ne da damina, gardi da rani, kuma gardancin gado ya yi. Yana da mesa guda a akwatin katako, da gamsheƙa a cikin gora. Ni aikina ɗebo ruwa da share zaure, ba a bari in taɓa komai.

Wata rana na leƙa akwatin mesa na ga idonta ya yi fari-fari da shuɗi-shuɗi, kamar an ɗiga masa madara. Na ruga na ce, "Kawu, mesa ta makance!" Ya ce, "Ba ta makance ba, ɗana. Sabuwar riga take ɗinkawa. Kada ka matsa kusa, yanzu ba ta gani sosai, ko inuwa ta gifta sai ta kai sara." Ruwa ne ke taruwa tsakanin tsohon ɓawo da sabo, ya raba su. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, wasu kwanakin kuma ta tuɓe. A wannan tsakani Kawu ba ya fita da ita kasuwa, ba ya ba ta abinci, ko da kuwa ranar cin kasuwa ce ta zagayo kuma aljihu ba komai.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda yake duba saɓar. Sai ya shimfiɗa ta a tabarma, ya warware wajen kai da tsinke, ya ɗaga ta sama wajen haske yana neman ƙananan ɓawo biyu masu sheƙi. In duka biyu suna nan, shi ke nan. In ya tarar da rami a gurbin ɗaya, to ɓawon ya maƙale a idon, kuma za a gan shi ya dushe, ya yi tamoji. In aka ƙyale, saɓa ta gaba sai wani ya hau kan wani, har dabba ta daina ganin abin da ke gabanta.

Dalilin maƙalewar nan kusan kullum bushewa ce. Ƙasarmu daga Nuwamba iskar arewa take busar da komai, zuwa Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Macijin daji yana da mafita: ya shige ramin gara, ko ya lafe a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, inda ƙasa ke da laima. Wanda ke cikin gora ba shi da zaɓi sai abin da mai shi ya tanadar masa. Kawu yakan ajiye akwatin a gindin randa, ya sa jiƙaƙƙen buhu a kusurwa guda, ya bar ɗaya kusurwar a bushe, da kaskon ruwa mai faɗin da mesar za ta iya nutsa jiki, da dutse mai kaushi da za ta goga hanci ta fara tuɓewa. In ɓawo ya maƙale, ruwa mai ɗan ɗumi da haƙuri ne magani. Na ga wanda ya sa farce ya ɓamɓare na macijinsa, ya haɗa da sabon ɓawon da ke ƙasa, idon ya tsiyaye.

Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari baƙaƙe masu shan jini, da suke taruwa a zagayen ido da ƙarƙashin haɓa. A tsagar katako suke ƙwai, don haka wanke maciji kaɗai ba ya raba shi da su. Sai an wanke mazauninsa da tafasasshen ruwa an shanya a rana. Maganin feshin auduga da ke yawo a hannun mutane a yankin Jazira kuwa, ƙwarin da macijin duka yake kashewa.

Wani gardi ya taɓa zuwa daga wani ƙauyen Jazira da gamsheƙa, idonta guda ya kumbura ya yi rawaya. Kawu ya danne wuyanta, ya buɗe bakin da kara, sai ga dasashi ya ruɓe yana fitar da mugunya a gurbin haƙoran da aka cire. Ya ce masa, "Ɗan'uwa, ba a ido ciwon yake ba, kai ka shuka shi a baki." Daga baya wani likitan dabbobi ya fayyace mini: hawayen maciji ba ya zuba waje, wata siririyar hanya ce ke kai shi cikin baki, kuma ta wannan hanyar ƙwayar cuta ke haurawa ta taru a ƙarƙashin ɓawo. Irin wannan sai likita ya tsaga ya wanke. Haƙoran dafi kuwa sake fitowa suke, shi ya sa mai cirewa ba ya daina cirewa, rauni kuma ba ya warkewa.

Ni a ganina cire haƙoran nan zalunci ne, ko da sana'a aka fake. Duk wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin ruwanta da inuwarta da lafiyarta. 'Yan'uwana masu ajiye macizai, ku riƙa duba saɓa, ku tanadi laima da rani, ku tsare farcenku daga idonsu. Wanda ya san ba zai iya ba, ya bar maciji a dajinsa.